Tseren fizga da Hilux: abin da ke lanƙwasa tayarod tun mota ba ta yi mita 20 ba

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce ƙanena ya kira ni bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, kana kusa? Motar ce ta ɗan samu matsala." Duk wanda ya taɓa ba ƙaninsa aron mota ya san nauyin wannan "ɗan". Na iske su a wani fili bayan gari ta hanyar Dass, wurin da masu aikin titi suka taɓa jibge manyan motocinsu, rabi daɓen kankare, rabi jar ƙasa. Ga Hilux a tsaye, tayoyin gaba sun juyo suna kallon juna kamar mai harara-garke. Ba ta bugi komai ba, ba ta faɗa rami ba, kuma ko mita 20 ba ta yi ba daga inda ta tashi. Jerawa suka yi da wata Ford Ranger, shi kuma ƙanen nawa ya sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ya cika totur, ya saki kuloci gaba ɗaya.

Makanikenmu dattijo ne, tun zamanin da ake harhaɗa motocin Steyr a nan Bauchi yake cikin baƙin mai. Ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila a baki, can sai ya fito da sandar tayarod ta hannun dama, wato sandar da ke haɗa taya da sitiyari, ta lanƙwashe kamar lauje. Ya miƙa wa yaron ya ce, "Ungo ɗana, ajiye. Kai ka gwada ƙarfinka, ita ma ta gwada nata."

Tun ranar nake bin maganar, don abin ya ɗaure min kai. Motar da ke ɗaukar buhunan masara daga Alkaleri a kan hanya mai gargada shekara da shekaru, me zai sa ta durƙushe a fili shimfiɗaɗɗe cikin daƙiƙa biyu?

Shi wannan wasa na jera mota biyu a fizge su a miƙe, a Amurka ya yi ƙarfi. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar shirya irin wannan tsere mai suna NHRA a Kalifoniya, kuma babban dalilinsa shi ne a kwashe samari daga titin jama'a a kai su filin da aka killace. Tsawon da aka saba shi ne rubu'in mil, wato mita 402, wasu kuma rabin haka suke yi, mita 201. Masu wannan harka suna da wani awo da suke ba muhimmanci ƙwarai: lokacin da mota ta ɗauka kafin ta cinye ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. A nan ake cin tsere, a nan kuma ƙarfe ya fi karyewa.

A-kori-kura tana da wata naƙasa a irin wannan wasa. Inji da mutane duk suna gaba, bayan kuwa fayau. Idan tayoyin baya ne kaɗai ke ja, da ka taka sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi da ƙara, abokin tsere ya wuce. Shi ya sa ake sa ogzilari, tayoyi huɗu su kama ƙasa tare. Mota kan tashi kamar an harba ta. Amma duk ƙarfin da a da yake zubewa ta hanyar sulɓin taya, yanzu ba shi da mafita, dole ya bi ta cikin ƙarfe.

Ga yadda yake bi. Tayar gaba tana juyawa hagu da dama ne a kan wani layi da ke ratsa boljoyin na sama da na ƙasa, wato gaɓoɓin da ke riƙe ƙafar taya, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maratayinsa. Ita tayar tana daga waje da wannan layin. Idan shaf, wato ƙarfen da ke kai wa taya ƙarfin inji, ya murɗa ta ta ja gaba, sai ta nemi ta kewayo ta wannan layin, goshinta ya shigo ciki. Ta hagu tana haka, ta dama tana haka. Abin da ke hana su haɗa goshi shi ne tayarod, siririyar sandar nan da ta haɗa taya da rak ɗin sitiyari. Wani abin mamaki, direba ba ya jin komai a hannunsa, domin turin hagu da na dama suna cin karo a tsakiya su kashe juna. Sitiyari na nan tsit a hannunka alhali sandunan biyu suna ɗauke da kayan da ba a ƙera su dominsa ba.

Leƙa ƙarƙashin motarka ka ga inda sandar take. Idan tana gaba da tsakiyar taya, to matse ta ake yi a lokacin fizga, idan tana baya, jan ta ake yi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗauki karan dawa, ka kama bakinsa biyu ka ja: sai ka gaji bai tsinke ba. Dafa shi a ƙasa ka danna daga sama: zai ɗan yi doro, da zarar ya yi doron kuma shi ke nan, sai ƙaras. Siririn ƙarfe ma haka yake. Yana jure ja, amma matsi na lanƙwasa shi, kuma lanƙwasar farko ita ke kawo sauran, don sandar da ta riga ta yi doro ba ta da rabin ƙarfinta na da. Injiniyoyi sun daɗe da sanin lissafin: idan ka ninka kaurin sanda sau biyu, juriyarta ga irin wannan lanƙwasa tana ninkuwa sau 16, idan kuma tsawonta ka ninka, juriyar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Da a ce iyakar abin ke nan, da da sauƙi. Sai dai a daidai wannan lokaci gaban motar yana ɗagawa. Duk mota idan ta zabura, nauyinta na komawa baya. Mu ƙaddara Hilux mai gida biyu, nauyinta wajen tan 2, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 da 'yan kai, mu ce cibiyar nauyinta tana santimita 70 daga ƙasa. Idan ta zabura da rabin ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, kusan kilo 230 ne ke barin tayoyin gaba ya koma na baya. Buhun siminti huɗu da rabi ke nan aka sauke daga hancin mota a ƙiftawar ido. Hanci ya yi sama, tayoyi suka rataya ƙasa, lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, da shaf da tayarod duk suka karkace maimakon su kwanta a miƙe. Sandar da ke karkace ba ta karɓar turi a tsawonta, ta gefe take karɓarsa. Kuma tayoyin da suka shigo da goshi suna tafiya ne suna neman haɗuwa, sai su ƙara tokare gaban motar ya ƙara ɗagawa, karkatar ta ƙaru, goshi ya ƙara shigowa. Da haka da haka har wani abu ya sallama.

Wannan ciwo sananne ne a Amurka ga manyan Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu injin dizal na Duramax, musamman ƙirar 2001 zuwa 2010. Injinsu na da ƙarfin ja sosai, masu su kuma suna ƙara masa, amma tayarod ɗin siriri ne, ga doguwar sandar tsakiya da ke murɗawa idan an matsa mata. Kasuwa guda ta tashi a kan maganin wannan: hannun riga na ƙarfe da ake ɗaura wa tayarod ta zare, sandar tsakiya miƙaƙƙiya mai kauri, da matokarai da ke riƙe hannayen da sandar ke rataye a kansu. Hilux ɗinmu ba ta kai su ƙarfi ba, balle mai injin fetur 2.7 da ta fi yawa a nan. Amma ƙirar ƙafar gaba dangi ce, kowace taya da nata hannaye da nata shaf, saboda haka ciwon ma dangi ne. Hilux ƙirar 2005 da ta 2015 rak ne da su da sifirin mai naɗi, ta gabaninsu mai ogzilari kuwa akwatin sitiyari ne da sandar tsakiya da toshan-ba, wato sandar da ke murɗawa a madadin sifirin, kusan irin tsarin waɗancan na Amurka.

A nan ne nake ganin mu muke ƙara wa kanmu. Matashi ya samu Hilux, abin da zai fara shi ne ya ɗaga ta. Mai toshan-ba a ɗaure masa noti har ƙarshe, mai sifirin a cusa masa sifesa a sama, don mota ta yi tsaye kamar ta jami'an tsaro. Ga ido ta yi kyau, ban musa ba. Amma motar da aka ɗaga haka, tun tana tsaye shaf da tayarod sun riga sun karkace, wato ta fara tsere daga inda wata ke ƙarewa. Sai a ƙara da manyan tayoyi da rim mai fitowa waje, ko a sa sifesa tsakanin rim da hob. Koma kan ƙyauren nan: tura shi kusa da maratayi ka ji nauyinsa, tura shi daga bakinsa ka ga yadda yake tafiya da yatsa ɗaya. Duk santimitar da ka fitar da taya waje, ƙarin hannu ka ba ta na murɗe tayarod. Tawa motar, in faɗi gaskiya, da sifesa a ƙafafunta ranar. Ni na sa, ba ƙanena ba.

Don haka gyaran farko ba ya cin ko sisi. A sauke gaban motar ya dawo yadda kamfani ya yi shi, a durƙusa a duba daga gaba, a ga shaf da tayarod sun kusa kwanciya daidai da ƙasa. Masu toshan-ba a can waje har sassautawa suke yi ranar tsere, hanci ya yi ƙasa fiye da na kullum, sannan su mayar bayan an tashi. Wanda zai yi haka ya ƙirga zagayen notin, kuma ya sani cewa duk taɓa tsayin mota yana taɓa alaimen, wato daidaituwar tayoyi. Bayan wannan sai shokabzoba. Aikinsa ba hana gargada kaɗai ba ne, shi ke hana hanci zabura sama farat ɗaya. Wanda ya zubar da mansa ba ya riƙe komai. Wasu kan ƙara da ɗamara mai ƙarfi da ke iyakance yadda ƙafar gaba za ta rataya.

Amma abin da ya kashe tawa sandar, a binciken dattijon, tsalle ne. Ya nuna min sawun tayar a kan kankaren: ba baƙin layi ɗaya ba ne, ɗigo-ɗigo ne kamar sawun kwaɗo. Taya ta kama, bushin da roba suka miƙe, ta kuɓuce ta yi sama tana juyawa a banza, ta dawo ta sake kamawa da duk gudun da ta tara. Kowace dawowa guduma ce a kan shaf da boljoyin da tayarod. Ƙarfe na iya ɗaukar kaya mai nauyi idan a hankali aka ɗora masa, bugu ne ba ya so. Yaron ya ce ya ji gaban motar na kakkarwa, dab-dab-dab, sai ya ƙara takawa wai ta wuce wurin. Dattijon ya girgiza kai. "Ɗana, in ta fara wannan rawar, ɗaga ƙafa ake yi. Tseren ya riga ya tafi, saura ka tsira da motar." Wurin da ya fi haddasa wannan tsalle shi ne inda ƙasa ke sauya hali, daga jar ƙasa ko yashi zuwa kwalta, ko kwaltar da iskar hunturu ta watsa wa rairayi. Taya na sulɓi da gudu, kwatsam ta samu abin kamawa. Su kuma a bakin kankaren suka ja layinsu, tayoyin baya a ƙasa, na gaba a daɓe.

Yadda ake tashin ma magana ce. Mai giyar hannu da ya kai inji ƙololuwa ya zame ƙafa daga kuloci, ya aika wa ƙafar gaba duka guda ne. Gara a tashi da matsakaicin totur, a saki kuloci da sauri amma ba a jefar da shi ba, sai mota ta motsa a cika. Kuloci zai ci wuya, gaskiya ne, sai dai farantin kuloci ya fi aksil ɗin gaba araha nesa ba kusa ba. Mai otomatik kan danne birki da hagu ya taka totur da dama don turbo ya cika kafin a saki. Yana aiki, amma man giya na yin zafi sosai cikin 'yan daƙiƙu, kuma iya yadda ka tara iya yadda zai bugi ƙarfe. A fara da kaɗan a ga yadda mota ke ɗauka. Sitiyari kuma ya kasance a miƙe sak kafin a taka, don gaɓar shaf ta waje ta fi rauni idan taya na karkace.

Sai batun ita ogzilarin. H4 ake sawa, wato ogzilarin gudu, ba L4 mai ƙaramar giya ba. L4 tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya wajen sau biyu da rabi, an yi ta ne don fita daga laka da hawan dutse a hankali. A sa H4 tun ana gangarowa layi, a tabbata fitilar ta tsaya cak ta daina ƙiftawa, domin haƙoran da suka shiga rabi su ne ke fara zubewa. Mai tsohuwar mota da ake kulle hob da hannu ya kulle duka biyun. Kuma ogzilarin Hilux da yawancin 'yan'uwanta tana ɗaure farfelar gaba da ta baya ne, wato sandunan da ke kai ƙarfi ga aksil ɗin gaba da na baya, su juya daidai wa daida, babu abin da ke raba musu a tsakiya. A miƙe babu laifi sosai. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, a kan kwalta babu inda bambancin zai zube, sai ya taru cikin ƙarfe kamar igiyar da ake murɗawa. Ana gama gudu a rage, a mayar H2, wato jan tayoyin baya kaɗai, kafin a juyo. Idan ta ƙi fita, a ɗan yi ribas a miƙe za ta saki. Wannan dalilin ne ma ya sa dole tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, iska daidai. Sabuwa a gaba, sanƙo a baya, murɗa ce tun daga layi har ƙarshe. Wasu Mitsubishi L200 masu tsarin ogzilari na Super Select suna da mai rabawa a tsakiya, su wannan bai dame su sosai ba.

To ko a sayo tayarod mai kauri a huta? Yana taimakawa ƙwarai, lissafin sau 16 ɗin nan ba wasa ba ne. Amma ƙarfin bai ɓace ba, gaba ya matsa. Idan sanda ta ƙi lanƙwasa, rak-en ne zai karɓa, wato gaɓar da ta haɗa sandar da rak, ko bushin da ke riƙe rak, ko shi rak ɗin kansa, wanda kuɗinsa ya ninka na tayarod sau da yawa. Shi ya sa nake ganin kauri shi ne na ƙarshe, bayan an gyara tsayi, an cire sifesa, an koyi tashi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne wanda na sha gani a garejojinmu: a gasa sandar da ta lanƙwashe a miƙar da guduma, ko a zura mata bututu a bi da walda. Wuta na sauya halin ƙarfe. Wadda ta lanƙwashe a mita 18 ta yi maka gargaɗi, wadda aka gasa kuwa tsinkewa za ta yi, wataƙila kana gudun 120 a hanyar Jos da iyali a ciki. Haka nan kayan da ake sayarwa cikin kwali mai tambarin kamfani alhali ba nasa ba ne, da na Beljiyam da ba a san abin da suka gani a rayuwarsu ta farko ba.

Masu Land Cruiser 79 za su ce su ba ruwansu, kuma suna da ɗan gaskiya. Aksil ɗinsu na gaba ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, idan hanci ya ɗaga duka yake tafiya tare, sandar da ta haɗa tayoyin ba ta karkacewa. Nasu ciwon yana cikin gaɓar da ke ƙarshen aksil da bushin. Amma wa zai yi tsere da 79?

Kafin a je fili, a ɗaga gaban mota a jak. Kama taya gefe da gefe ka girgiza, in ta yi ƙwas-ƙwas tayarod ne ko rak-en. Kama sama da ƙasa, in ta motsa boljoyin ne ko boris. Duba robobin da ke rufe gaɓoɓi, wadda ta yage ƙurar hunturu da lakar damina sun riga sun cinye giris ɗin ciki. Duba notin kan tayarod, ka ga ko filinsa na nan ko lanƙwasasshiyar ƙusa yaron gareji ya soka. Ɗan wasan da ba ka ji a tuƙin yau da kullum, shi ke ba taya damar ɗaukar gudu kafin ta bugi sanda. Filin kansa kuma ya zama killatacce, ƙasarsa iri ɗaya daga farko har ƙarshe, da sarari mai tsawo na tsayawa, 'yan kallo a bayan layi ba a gefe ba, don motar da tayarod ɗinta ya tsinke ba ta tambayar direba inda za ta nufa. Titin Yelwa ko na Gidan Mai da dare ba fili ba ne, ko da 'yan Road Safety sun tashi.

Akwai wata dabara da dattijon ya koya mana ranar da aka gama gyara. Ya ɗauko tef irin na tela, ya auna tsakanin tayoyin gaba ta goshinsu, ya sake aunawa ta ƙeyarsu a kan zane ɗaya na taya, ya rubuta lambobin biyu da alli a jikin ƙofar gareji. Ya ce wa ƙanena duk gudu ɗaya a sake awo, in lamba ta motsa ko sitiyari ya daina tsayawa a tsakiya, wani abu ya fara ba da kai, a ɗora ta a koma gida a hankali. Sannan ya karɓi lanƙwasasshiyar sandar daga hannun yaron, ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. Akwai wasu uku a wurin kafin tamu.